Ranar da Ƙoramar Tungar Kanya ta Hau Dutse

Ran wata Laraba da hantsi, mata na tsakiyar wanki a ƙoramar Tungar Kanya, sai ruwan ya tsaya cak. Ya ɗaga kai kamar maciji, ya dubi gabas, ya dubi yamma, sa'an nan ya juya ya kama hawan Dutsen Zangaru, da kifayensa da kwaɗinsa da wani sabon zane na Lanto matar maƙeri. Kafin mata su gama salati wutsiyarsa ta ɓace a bayan duwatsu, ba abin da ya bari sai yashi.

Aka haƙa rijiya uku, duk aka tarar da dutse. Kwana huɗu aka yi ana tsimin abin da ya rage a randuna, awaki na kuka, tuwo ya gagara. Mai gari Barmo ya tara jama'a a gindin kanyar da ke tsakiyar gari, ya ce in Juma'a ta sama ta zo ruwa bai dawo ba, kowa ya ɗaure kayansa a tashi.

Samari uku suka buga ƙirji suka ce su za su bi sawun ruwa. Ni dai tun da na ji sunayensu na san ba za a yi abin kirki ba, don tun da babur ya shigo garin ko masallaci ba sa zuwa da ƙafa. Suka tafi ana yi musu kirari, kafin azahar sai ga su sun dawo harshe a waje, ɗaya ma ba takalmi. Suka ce dutsen ba na hawa ba ne.

To, akwai wata mata a garin, ana ce mata Tasalla. Ta ba arba'in baya, mijinta ya rasu shekara shida ke nan. Gidansu ne na ƙarshe can sama a jikin tsauni, saboda haka tun tana 'yar shekara tara take saukowa ƙorama da tulu ta koma, sau goma a yini, kuma a guje, don kullum akwai tukunya a kan wuta tana jiranta. Siririya ce, ba ta da yawan magana, tafin ƙafarta kuwa ƙaya ma tsoronsa take. Tana zaune da uwarta, Inna Hakama, makauniya, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Garin da za a koma tafiyar kwana uku ce cikin rana, kowa kuwa ya san tsohuwar ba za ta kai ba, ko da ba wanda ya faɗa.

Ana sallame asuba Tasalla ta ɗaura ɗamara ta durƙusa gaban uwarta.

"Inna, zan je in ga inda ruwan nan ya tafi."

Tsohuwa ta lalubo kanta ta dafa. "Kin ci wani abu?"

"Na sha kunu."

"To, Allah ya kai ki ya dawo da ke. Ki yi sallama duk inda kika shiga, ko ba ki ga kowa ba."

Ta kama sawun danshin da ruwa ya bari. Ta haye gonakin tudu, ta ratsa sarƙaƙiya, ta bi ta wani tsagin dutse da sai ta gefe ake shiga. Daga nan ta fara gamuwa da duwatsu a tsattsaye masu siffar mutane, wani da ƙafa ɗaya a sama, wani baki buɗe yana haki. Ta yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya ta wuce. Rana na kaiwa tsaka ta huda gajimare, sai ga ta a ƙofar wani birni wanda ganuwarsa ta farin dutse ce, gidajensa kuwa a rataye suke a iska ba abin da ya tokare su.

A tsakiyar birnin ta ga ƙoramarsu ɗaure a turke da igiya, tana ta zagaye kamar doki mai jin ƙishin gida. Aljanu sun kewaye ta suna kallo, masu kai biyu da masu ido a tafin hannu, har da wata doguwa da ta yi ɗaurin ƙirji da zanen Lanto. Bisa wani fa kuwa ga sarkinsu zaune, gemunsa ya sauko ya yi masa tabarma.

Tasalla ta cire takalmi ta zube. "Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, Sarkin Dutse."

"Wa alaikis salam, ya ke 'yar Adam. Ni ne Marhashu, mai Zangaru da abin da ke cikinsa. Me ya hawo da ke?"

"Ranka ya daɗe, ruwanmu na biyo."

"Ruwanku?" Sarki ya yi dariya, duwatsu suka amsa. "Daga ƙarƙashin kujerata yake fita. Kakanninku sun san haka, shi ya sa duk shekara suke aiko mai gudu ya hawo ya gaishe mu ya koma a yini ɗaya. Yau shekara arba'in ban ga tafin ƙafar kowa ba. Sai na ce mutanen kwari ƙafa ta ƙare musu, na kirawo abina."

"Mun yi laifi, ranka ya daɗe. Ga ƙafa ta zo."

"Gaisuwa ba ta kwance igiyar nan yanzu, sai tsere. Za ki kara da Wulƙanu, manzona. Kowa zai ɗauki tulu cike, daga nan zuwa gindin kanyar garinku. Wanda ya fara ajiye tulunsa a ƙasa da ruwa har wuya, shi ya ci. Wanda ruwansa ya zube, nan zai dawo ya sake cikawa. In kin ci, ƙorama ta koma har abada. In ya ci, ki tsaya cikin waɗanda kika gaisar a hanya."

"Ina da roƙo ɗaya, ranka ya daɗe. Shi iska ne, ni kuwa nama ce da ƙashi."

"Kin yi gaskiya. Zai shiga jiki irin naku, ƙafa biyu, hannu biyu, kuma ba zai tashi sama ba. Saurinsa dai ba zan iya raba shi da shi ba."

Wulƙanu ya fito, dogo sambal, da jan rawani, idanunsa kamar garwashi. Ya dubi Tasalla sama da ƙasa ya ce, "Ya shugabana, da wannan za a haɗa ni? Ina jin kunyar ranar da za a ba da labarin."

Aka kawo tuluna biyu manya aka cika. Tasalla ta warware mayafinta ta naɗe shi ta yi gammo. Ta tsinko ganyen kalgo cikin hannu ta watsa a saman ruwan, yadda kowace mace a Tungar Kanya ke yi don kada ruwa ya yi tangaɗi ya fantsama. Aljanu suka fashe da dariya, wani ya ce 'yar Adam miya take haɗawa. Aka ɗora mata, ta gyara wuya, ta yi bisimilla.

Sarki ya tafa hannu. Wulƙanu ya rungume tulunsa a ƙirji ya ɓace, sai ƙura.

Masifar farko ita ce Gangaren Tsakuwa, wani gangare mai tsawon tafiyar sa'a guda, wanda tsakuwoyinsa ke da rai. Da sun ji tafin ƙafa sai su mirgine suna ƙyalƙyala dariya. Tasalla ta san irin wannan ƙasa, ko da ta garinsu ba ta dariya. Ta saki gwiwa, ta riƙa kafa diddige tana gajerun taku masu sauri, in tsakuwa ta zame sai ta bi ta su zame tare, ƙugu na lilo, wuya kuwa ko gezau. Ba ta kai rabi ba sai ga Wulƙanu ya dawo a fusace, rigarsa sharkaf, tulunsa fayau. Ya wuce ta zuwa sama don ya sake cikawa.

Tana fita daga tsakuwa ta hau Doron Wuƙa. Hanya ce a kan tozon dutse, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, hagu rami, dama rami, a ƙasa can ana hango mikiya tana shawagi kamar ƙuda. Iskoki bakwai ke gadin wurin. Babbarsu ta tare ta, ta yi magana da murya kamar busar ƙaho.

"Wa ya ba ki izinin taka doronmu, ya ke mai tulu?"

"Sarkinku ne ya ba ni, uwar iskoki. A yi mini gafara in wuce."

"Gafara sai wanda ya iya tsayuwa."

Suka taso mata ta hagu, ta jingina da su. Suka saki suka koma dama, ta riga su komawa. Ta dafa tulu da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan, ta kafa ido a kan wani dutse can gaba, ta ƙi kallon ƙasa. Yatsun ƙafarta suka riƙa kama dutse kamar na akuya. Tana tsakiya Wulƙanu ya tsallake ta kanta, wannan karon ya toshe bakin tulu da tafin hannu ɗaya, ya tallafe gindinsa da ɗayan. Wayo ne, sai dai bai bar wa kansa hannun da zai daidaita jiki ba. Iskoki kuwa ba sani ba sabo. Suka kwashe shi, ya yi taga-taga, ya saki bakin tulu ya cafki dutse, ruwa ya tafi wurin mikiya.

Da ya juyo ya tsaya gabanta yana huci. Ya dubi gammon, ya leƙa ganyen, ya daɗe yana kallo. "Ashe ba miya ba ce," in ji shi, ya koma birnin a guje.

Nan hankalin Tasalla ya tashi, don ta san ya gane. Ta ƙara mai.

Hanya ta gangara da ita Kwarin Kira, wani kwazazzabo mai zurfi inda rana ba ta sauka sai kaɗan. Ƙasa santsi, saiwoyi a gicciye, ga gansakuka a kan kowane dutse. Tana cikin tsallake-tsallake sai ta ji an kira ta daga baya, a hankali, da muryar da ta fi kowace murya sani a duniya.

"Tasalla. Tsaya mana in gan ki."

Mijinta ne, Nomau, har da ɗan tarin nan nasa. Shekara shida tana roƙon Allah ya nuna mata fuskarsa ko a mafarki, ga shi yau taku biyu a bayanta. Wallahi ta so ta waiwaya, so irin wanda ba ta taɓa yi wa komai ba. Amma mai tulu a ka in ta karkata wuya, ruwa ya tafi.

"Malam," in ji ta, hawaye na zuba tana gudu, "in kai ne, ka san ba na waiwaye da kaya a kaina. In kuwa ba kai ba ne, Allah ya isa."

Muryar ta bi ta tana lallashi, ta koma ta ƙaramin ɗanta da ya rasu a goye, ta koma ta Inna tana cewa ta faɗi a wuta. Tasalla ta cije leɓe har ya fashe, ta riƙa ƙirga takunta da ƙarfi don ta toshe kunnenta. Da ta ɓullo cikin hasken rana, muryoyin suka koma kukan tsuntsaye.

Saura hawa ɗaya, kuma shi ne mugun. Tsauni ne a miƙe, wanda duk taku goma da ka yi sai ya ƙara tsawo da uku. Rana ta karkata. Cinyoyinta suka kama wuta, sharaɓa ta ɗaure, numfashi ya koma kamar ana zuga zugazugi. Faso ya buɗe a diddigenta, tana barin jini a kan duwatsu. Ga ƙishirwa, ga ruwa mai sanyi a kanta, ba damar taɓawa. Ta rage taku ya zama ƙanana, ta haɗa kowane biyu da numfashi ɗaya, ta daina duban ƙololuwa, sai inda za ta sa ƙafa. Tsaunin ya yi ta ƙara tsawo har ya gaji ya bari.

Tana dab da kaiwa sama ta ji taku a bayanta. Wulƙanu ne, ya yage jan rawaninsa ya yi gammo, tulu zaune daram a kansa, ganyen kalgo na leƙowa. Ya daidaita da ita, ya ce, "Na gode da karatu, ya ke 'yar Adam. Zan sa a kafa ki a wuri mai inuwa." Ya wuce.

Daga ƙololuwa ta hango garinsu a ƙasa, ga kanya, ga jama'a sun taru, ga jan ɗigo yana gangarawa wajensu kamar an harba kibiya. Zuciyarta ta karye, ba na ɓoye muku. Ta ga ta zama dutse, ta ga an ɗora Inna a kan jaki cikin rana. Amma ba ta taɓa ɗauko ruwa ta tsaya da shi a hanya ba, ba ta ma san yadda ake yi ba. Ta saki ƙafa ta bi gangaren da ta sani tun tana yarinya, kowane dutse da inda ake taka shi.

A gindin kanya kuwa, mutane na ganin dogon baƙo mai idon wuta suka watse, suka tsaya nesa suna leƙe. Wulƙanu ya iso ya tsaya, ya ɗaga murya ya ce ya iso. Daga kan dutse muryar Sarki Marhashu ta sauko kamar tsawa mai nisa: "Sharaɗi a ajiye a ƙasa, da ruwa har wuya."

Sai a lokacin Wulƙanu ya gane akwai sauran karatu. Can sama 'yan'uwansa ne suka ɗora masa. Yanzu wuya ya sandare, kafaɗu sun ƙage, ga tulu cike maƙil mai nauyin ɗan maraƙi. Ya kai hannu, tulu ya yi gefe, ya mayar. Ya gwada durƙusawa, gwiwa ta kama rawa. Ya tsaya yana zare ido.

Abin da bai sani ba, a Tungar Kanya ba mai sauke babban tulu shi kaɗai. Kana isowa sai ka ce a sauke ka, duk wanda ke kusa kuwa dole ya taso, ko jiya kuka yi faɗa. Na rantse da ya buɗe baki ya faɗa, da mai gari da kansa zai zo ya kama masa, yana kuka yana saukewa, don abin kunya ne a bar mutum tsaye da kaya. Amma manzon sarkin aljanu bai taɓa neman taimakon kowa ba, bai ma san ana nema ba.

Ya waiga da jiki duka, ya hango Tasalla ta fito daga gonakin tudu tana tafe kamar ana jan ta da igiya. Ya yi ta maza, ya cafki tulu da hannu biyu ya fizgo shi gaba. Tulu ya sunkuya, ruwa ya kwararo masa a fuska da ganye da komai. Da ya dire shi a ƙasa, ko rabi bai kai ba.

Tasalla ta iso gindin kanya, ƙafafu jina-jina, leɓe a fashe. Ta ɗan rusuna, da 'yar muryar da ta rage mata ta ce, "A sauke ni."

Lanto ce ta fara rugowa, ta manta da wani aljani. Mata huɗu suka biyo ta. Suka kama tulun ta kowane gefe, suka ɗaga shi daga kanta a hankali kamar jariri, suka dire. Mai gari ya matso ya leƙa, ya janye ganye da yatsa.

"Har wuya," in ji shi. Ya sake faɗa da ƙarfi, ya fuskanci dutse. "Har wuya, ranka ya daɗe."

Can sai muryar sarki ta sauko daga dutse. "Mun gani, mun shaida. Akwai sauran ƙafa a kwari. Ku kwance igiya."

Wulƙanu ya dubi tulunsa, ya dubi matan da ke tallafe da Tasalla. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ke 'yar Adam, na ɗauki gammo, na ɗauki ganye, wannan kuwa ban gan shi a kanki ba balle in ɗauka." Tasalla ta ce a ba shi ruwa a moɗa daga tulunta, don shi ma ya sha rana. Ya karɓa da hannu biyu ya sha, ya yi godiya, ya zama iska ya tafi.

Aka tsaya ana kallon dutse, ba abin da ya motsa. Tasalla ta ce a ɗauko mata uwarta. Samarin nan uku suka ruga, a ƙafa kuwa, suka sauko da Inna Hakama a kan hannuwansu, suka zaunar da ita a bakin yashi kusa da 'yarta. Mutane suka fara ƙus-ƙus, wasu na cewa ko an yaudare su.

"Ku yi mana shiru," in ji tsohuwa, ta karkata kunne. "Ga shi nan tafe."

Ba wanda ya ji komai sai ita. Jim kaɗan ƙasa ta fara rawa, sai ga ƙorama ta ɓullo daga tsagin dutse fara fat, tana tsalle daga fa zuwa fa, ta faɗo cikin kwarinta ta cika shi baki da baki. Mata suka ɗauki guɗa, awaki suka tsinke igiya, mai gari da girmansa ya shiga har gwiwa da babbar riga.

Ruwa ya zo ya rufe ƙafafun Inna Hakama da na Tasalla. Tsohuwa ta lalubo diddigen 'yarta a cikin ruwan, ta ji yadda ya tsattsage, ta riƙa wanke shi a hankali. Tasalla ta kwantar da kai a kafaɗarta, ta yi kukan da ta riƙe tun daga Kwarin Kira.

Da ta gama wankewa, Inna ta ɗebi ruwa a tafi ta kurɓa, ta ɗaga kai wajen mai gari.

"Barmo, ka gaya musu kowa ya kwance kayansa. Ba inda za mu."